Gyaran mahaɗar bututun iska mai lanƙwasuwa a gida: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na mai gidan da na'urarsa ta sanyaya ko ɗumama ɗaki ke zaune wuri ɗaya, tana tura iska zuwa ɗakuna ta cikin bututu. Ba ƙaramar eyasin da ake maƙalawa a bango nake nufi ba, ita ba ta da bututun iska. Wanda nake magana a kai shi ne bututun nan mai kauri da taushi, wani mai sheƙi kamar azurfa, wani baƙi ko ruwan toka, da ke kwance a saman silin ko a ƙarƙashin daɓen gida, yana lanƙwasa kamar mesa. Jikinsa ba kasafai yake ba da matsala ba. Mahaɗarsa ce ke ba da ita, wato wurin da bakinsa ya haɗu da ƙarfe.

Me ke cikin bututun, kuma me ya sa sai na san wannan kafin in taɓa shi?

Domin wanda bai san cikinsa ba, fatar waje zai yi ta gyarawa. Bututun hawa uku ne. Can ciki akwai siririyar leda da aka naɗa a kan waya mai murɗe kamar sifirin, kuma ta cikinta kaɗai iska ke bi. A kanta akwai bargon audugar gilashi, wanda ke hana zafin waje taɓa iskar. A kan bargon kuma akwai rigar waje, wadda aikinta shi ne hana damshi shiga cikin audugar.

Kowane hawa da aikinsa, kuma ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya. Ledar ciki ce ake toshewa don kada iska ta fita. Maɗauri ne ke riƙe ta a jikin ƙarfe don kada ta zame. Rigar waje ana rufe ta ne saboda damshi kawai.

Na koyi wannan ne a gidana. Akwai ɗaki ɗaya da ya ƙi sanyi shekara guda cur. Da na hau saman silin, sai na tarar da mahaɗar ɗakin a naɗe da salatif har zagaye bakwai ko takwas, tsaf da ita, ba ka ce akwai abin da ya same ta ba. Amma rigar ta kumbura kamar balan-balan, kuma da na dafa ta sai na ji sanyi a tafin hannuna. Na yanke salatif ɗin, na janye audugar, sai ga ledar ciki ta zame daga ƙarfen da tazarar yatsu uku, babu maɗauri a kanta ko ɗaya. Wanda ya yi aikin ya bar jaki ya daki taiki. Iskar duk tana shiga tsakanin auduga da riga, ta sami kafa ta fice.

Ta yaya zan gane cewa iska na zurarewa?

Tun daga ƙasa akwai alamu. Ɗaki ɗaya ya bambanta da sauran, na'ura tana daɗewa ba ta huta ba, kuɗin wuta ya hau ba tare da wani dalili ba, ko ƙura ta yawaita a ɗaki duk da ana sharewa. Amma alamu ba sa nuna maka wurin, sai ka hau da kanka.

Kunna fankar na'urar, ka ɗauki tocila, ka bi kowane bututu daga inda ya fito jikin babban akwatin rarraba iska har inda ya sauka a ɗaki. Jiƙa bayan hannunka da ruwa ka zagaya shi kusa da kowace mahaɗa. Fatar da ta jiƙe tana jin iskar da busasshiya ba za ta ji ba. Ɗan siririn yankin takarda mai laushi ma yana aiki: a ɓangaren da ke tura iska za ka ga yana kaɗawa, a ɓangaren da ke zuƙo iska daga ɗakuna zuwa na'urar kuma zai manne a jikin kafar.

Sai ka duba launin audugar. Inda ta yi baƙi ko ta yi ɗigo-ɗigon toka a bakin mahaɗa, iska ta daɗe tana ratsa ta, ta mayar da ita matata. Wannan alama ba ta ƙarya, kuma tana nan ko da na'urar a kashe take. A ƙarshe ka kama bututun kusa da ƙarfen ka ɗan ja shi a hankali. Mahaɗa mai kyau ba ta motsi.

Ɗan abin da ke fita har ya kai a damu?

Ya kai. Shirin ENERGY STAR na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa a gida irin na yau da kullum, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bi ta bututu tana salwanta ta hanyar yoyo, huji da mahaɗar da ba a haɗa daidai ba. Iskar nan ka biya kuɗin sanyaya ta, sai ta tafi tana sanyaya ƙarƙashin kwano. Kuma asarar ba ta tsaya nan ba. Duk iskar da na'ura ta zuƙa daga cikin gida ta zubar a waje, dole wata ta maye gurbinta, sai zazzafar iskar waje ta riƙa kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga.

Ina da salatif mai faɗi, ruwan toka, mai zare a jikinsa. Ai na bututu ne, ko?

Sunansa na Turanci ma, wato duct tape, haka yake nufi, kuma sunan ne ya yaudari mutane da yawa. Kada ka sa shi. A shekarar 1998 masu bincike biyu, Max Sherman da Iain Walker, a ɗakin binciken Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, sun gwada kayan toshe bututu iri-iri, suna bi da su da iska mai zafi da mai sanyi. Wannan salatif mai zare shi ne ya riƙa sakewa, wani ma cikin 'yan kwanaki, alhali sauran kayan sun riƙe.

Dalilin yana cikin gam ɗinsa. Gam ne na roba, zafi kuma yana busar da shi. Saman silin a lokacin zafi yana iya wuce digiri 50 a ma'aunin Selsiyos. Bayan wani lokaci sai ka ga zaren ya rataye, gam ɗin ya zama gari mai launin ƙasa-ƙasa a jikin ƙarfe. In ka taɓa hawa saman tsohon gida, ka ga irinsa.

To wanne zan nema?

Ka nemi rubutu a jikin kayan, kada ka dogara da launi ko sheƙi. Akwai ma'aunin inganci da ake kira UL 181, na cibiyar gwajin kaya ta Underwriters Laboratories. Salatif ɗin da aka gwada don bututu mai lanƙwasuwa, za ka ga an buga 181B-FX a bayansa, ana maimaitawa tsawon naɗin. Mastik, wato kwaɓin nan mai kauri da ake shafawa da burushi ya bushe ya zama kamar roba, nasa rubutun 181B-M ne a jikin bokiti. Maɗaurin roba kuma 181B-C. In ka ga 181A, wannan an yi shi ne don bututun allo mai tauri na audugar gilashi, ko da yake wasu kayan suna ɗauke da lambobin biyu.

Bayan waɗannan kana buƙatar wuƙa mai kaifi, filayar yanke waya, tsumma, burushi mai arha da za ka jefar, da ɗan abin matse maɗauri. Tsawon maɗaurin kuwa, ka ninka faɗin bakin bututun sau uku ka ƙara tazara mai yawa. Na ledar ciki dabam, na rigar waje ya fi tsawo saboda kaurin auduga.

Bututun ya saki daga ƙarfensa gaba ɗaya. Yaya zan mayar da shi?

Wannan shi ne gundarin aikin, don haka zan tafi a hankali.

Kashe na'urar tukuna. Ba a manna komai iska na busawa.

Yanke tsohon salatif da tsohon maɗauri ka cire su duka. Naɗe rigar waje da audugar baya kamar yadda ake naɗe hannun riga, har ledar ciki ta bayyana da tsawon tafin hannu ko fiye. Dubi bakin ledar da kyau. In ya yayyage ko ya bushe yana karyewa, yanke wurin ka kai ga mai lafiya: zagaya da wuƙa, wayar kuma ka datse ta da filaya, sannan ka lanƙwasa tsininta ciki don kada ta huda wani wuri ko ta yanke ka.

Yanzu ƙarfen. Wuyan ƙarfen da bututu ke hawa bai kamata ya gaza inci 2 ba, wato santimita 5. Yawancinsu suna da ɗan tudu da ya zagaye su kusa da baki, kuma tudun nan shi ne ke tare maɗauri. Goge wuyan sosai, ka kankare ragowar tsohon gam, ka cire ƙura da maiƙo. Mutane suna raina wannan mataki, alhali babu salatif ɗin da ke mannewa a kan ƙura. Kafin ka ci gaba, dubi gindin wuyan, inda ya shiga jikin akwatin. Sau da yawa wurin yana da ƙananan kafofi tsakanin haƙoran ƙarfen da aka lanƙwasa. Shafe su da mastik tun yanzu da wurin yake a buɗe.

Jawo ledar ciki ita kaɗai, ba tare da auduga ba, ka sa ta a kan wuyan har ta wuce tudun. Ƙa'idar da ƙungiyar masu ƙera irin wannan bututu ta Amurka, Air Duct Council (wadda a da ake kira Air Diffusion Council), ta fitar ta ce ledar ta hau aƙalla inci 1. Ni na fi son inci 2, domin zagayen waya biyu ko uku su hau kan ƙarfen. In mastik za ka yi amfani da shi, shafa shi a kan wuyan kafin ka jawo ledar, ta zauna a cikinsa yana ɗanye. In salatif ne, jawo ledar tukuna, sannan ka naɗa zagaye biyu aƙalla, rabin faɗinsa a kan leda, rabi a kan ƙarfe, kana bi kana murzawa da babban yatsa ko gefen kati har ya kwanta ba kumbura.

Sai maɗauri. Ɗora shi a kan ledar, a bayan tudun, wato tudun ya kasance tsakanin maɗaurin da bakin ƙarfen. Matse shi har ya zauna daram. Kama ledar ka ja. In ta motsa, ba ka gama ba.

Daga nan ka mayar da audugar ta rufe mahaɗar baki ɗaya har ta taɓa jikin akwatin, kada ka bar ƙarfe ko kaɗan a fili. Jawo rigar a kanta, ka tura bakinta ciki don ta lulluɓe audugar, ka rufe da salatif zagaye biyu ko da wani maɗaurin. Na wajen ba a matse shi kamar na ciki. In ka shaƙe audugar ta koma siririya, ta daina aikinta a wurin.

Ba zan iya matse maɗaurin da hannu ko da filaya ba?

Za ka iya ja, amma da wuya ya kai. Abin matsewar yana ja da ƙarfin da hannu ba shi da shi, ya kuma datse jelar daidai. In ba ka da shi, sayi maɗaurin ƙarfe mai kusa, irin wanda ake murzawa da sukurudireba. Ƙananan maɗauran robar da ake ɗaure wayoyin lantarki da su ba na wannan aiki ba ne, ko da ka jona biyu ko uku. Zafi yana sa su karye.

Tsakanin mastik da salatif, wanne ya fi?

In an tambaye ni, mastik. Yana shiga lungun da salatif ba ya shiga, yana bin siffar waya, kuma in ya bushe ba ya sakewa. Aibinsa shi ne yana ɓata hannu da tufafi, yana son lokaci kafin ya bushe, kuma in wata rana kana son cire bututun sai dai ka yanke.

A shafa shi da kauri, kamar inci 1/16, wato kusan milimita ɗaya da rabi. In kana hango ƙarfe ta cikinsa, fenti ka yi. Inda kafar ta fi inci 1/8, kusan milimita 3, mastik kaɗai zai tsage. Shafa hawa ɗaya, ka ɗora ragar zaren gilashi a kai, ka danna ta ciki, ka sake shafawa. Lokacin bushewa yana rubuce a jikin bokiti. Ni nakan bar shi ya kwana kafin in kunna na'ura.

Salatif mai lamba kuma yana da wurinsa: rigar waje, da duk inda kake buƙatar kunna na'ura nan take. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ɗora wa ko wannensu nauyin bututun. Su toshewa suke yi, riƙewa ta maɗauri ce.

Bututun ya yage a tsakiya, ba a mahaɗa ba. Faci zan yi ko canzawa?

Ya danganta da hawan da ya yage. In rigar waje ce kawai, audugar a bushe take, ledar ciki lafiya, to abu ne mai sauƙi. Gyara zaman audugar, ka goge rigar, ka haɗa bakin yagewar ka rufe da salatif 181B-FX, ya wuce ƙarshen yagewar ta kowane gefe.

In ledar ciki ce ta huje, ƙaramin huji kamar na ƙusa yana rufuwa da salatif bayan ka buɗe riga da auduga ka kai gare shi. Amma babbar yagewa, ko inda wayar ta murƙushe saboda an taka, ko inda ɓera ya ci, faci ba ya daɗewa. Yanke wurin gaba ɗaya ka jona da guntun bututun ƙarfe mai faɗi ɗaya da naka, wanda tsawonsa bai gaza inci 4 ba, wato santimita 10. Kowane ɓangare na ledar ya hau inci 2 su haɗu a tsakiya, kowanne da toshiyarsa, kowanne da maɗaurinsa, sannan auduga, sannan riga. Kada ka cusa bakin leda ɗaya cikin ɗaya ka naɗe da salatif, babu abin da maɗauri zai matse a kai. Ka kuma sa abin rataya kusa da jonin, don ƙarfen ya ƙara wa wurin nauyi.

Batun ɓera kuwa, in ya shiga cikin bututun ya yi kashi da fitsari, wannan reshen a canza shi duka. Iskar da iyalinka ke shaƙa ce ke bi ta ciki. A kuma toshe hanyar da ya shigo, in ba haka ba zai dawo wa sabon.

Ruwa yana ɗiga daga mahaɗar har ya yi tabo a silin. Daga ina yake?

Yawanci ba daga rufi ba ne. Zufa ce, irin wadda ke taruwa a jikin kwalbar ruwan sanyi. Iskar da eyasi ke turawa tana fitowa ne a wajen digiri 12 zuwa 14, ƙarfen mahaɗa kuma yana ɗaukar sanyin nan. Da zarar iska mai ɗumi da damshi ta taɓa shi, sai ta zama ruwa. Shi ya sa na nace a kan kada a bar ƙarfe a fili, kuma a rufe bakin riga ruf.

Audugar da ta jiƙe ba ta hana zafi, sai zufar ta ƙaru, abu ya yi ta bin juna. In jiƙar kaɗan ce kuma sabuwa, buɗe wurin ya bushe sarai kafin ka rufe. In ta daɗe, tana wari ko ta yi fumfuna, yanke ta ka sa sabuwa. Ka duba kuma ko bututu biyu suna kwance a kan juna, domin inda suka danne juna audugar tana matsewa, zufa tana taruwa a tsakani. A wuri mai yawan damshi, lambar da ke jikin rigar tana da muhimmanci: za ka ga R-4.2, R-6 ko R-8, kuma mafi girman lamba shi ne mafi kaurin kariya.

Na toshe ko'ina, amma iskar ɗakin har yanzu ba ta da ƙarfi. Me ya rage?

Yanayin kwanciyar bututun. Wannan nau'in yana ba da iska sosai ne kawai in an miƙe ledar cikinsa tsam. In aka bar ta a tattare, kowane zagayen waya yana zama tudu a hanyar iska, sai ta riƙa tuntuɓe tun daga farko har ƙarshe. Ana sayar da shi ne a kwali, yawanci tsawon ƙafa 25, kusan mita 7.6, kuma wasu masu aiki ba sa son yankewa, sai su bar rarar tana nannaɗe a saman silin. In tazarar ƙafa 15 ce, bututun ma ya zama ƙafa 15.

Ƙa'idar rataya shi kuma ga ta. Kada tsakanin abin rataya da na gaba ya wuce ƙafa 4, kusan mita 1.2. Kada faɗin ɗamarar ya gaza inci ɗaya da rabi, domin waya ko siririyar igiya tana shaƙe shi. Saukowar cikinsa tsakanin ɗamara biyu kada ta wuce rabin inci a kowace ƙafa. A kwana kuma, kada lanƙwasar ta yi tsanani: tazarar da ke tsakanin cibiyar kwanar da tsakiyar bututun kada ta gaza faɗin bututun kansa. Wurin da aka fi samun karyewa shi ne daf da mahaɗa, inda bututu ya fito daga ƙarfe ya faɗi ƙasa nan take. Bar shi ya tafi a miƙe na 'yan incina kafin ya juya, ka tallafe shi da ɗamara a wurin. Wannan kaɗai yana hana nauyinsa sake zare mahaɗar da ka gyara.

In duk wannan daidai ne, duba matatar iska ko ta toshe, ka kuma duba ko akwai marfin daidaita iska a cikin wuyan ƙarfen da aka bari a rufe. Ɗan hannunsa yakan ɓuya a ƙarƙashin auduga.

Akwai mahaɗar da ake mantawa da ita?

Akwai, kuma ita ce mafi sauƙin kaiwa. Kwance ragar da iska ke fitowa a ɗaki, ka dubi tsakanin silin da ƙaramin akwatin ƙarfen da ke bayan ragar. Sau da yawa za ka ga tazarar da yatsa zai shiga. Cike ta da mastik ko gam ɗin toshe kafa, daga cikin ɗaki, ba sai ka hau sama ba.

Ɓangaren da ke zuƙo iska ai ba ya zubar da komai. Shi ma sai an toshe?

Shi ne ma ya fi ba ni tsoro. Kafa a ɓangaren turawa kuɗi take ci. Kafa a ɓangaren zuƙowa tana jawo duk abin da ke kewaye da ita ta raba wa ɗakuna: ƙurar saman silin, zaren auduga, damshin ƙarƙashin gida, hayaƙin mota in bututun ya bi ta gareji.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. In a gidan akwai abin da ke ƙona gas ko mai, kamar tukunyar ɗumama ruwa ko murhun ɗumama gida, yoyon bututu yana iya sauya matsin iskar ɗakin da suke ciki, har hayaƙinsu ya dawo cikin gida maimakon ya bi bututunsa ya fita. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kisa. Toshewar ma kanta tana sauya matsin. Don haka mai irin waɗannan na'urori ya sa ƙararrawar gano wannan iska a gidansa, kuma bayan babban aikin toshewa ya kira ƙwararre ya gwada fitar hayaƙin.

Me zan kiyaye a saman silin?

Hau da sassafe, kafin kwano ya ɗauki zafi, ka tafi da ruwan sha, kuma wani a gidan ya san kana sama. Taka katakan da ke riƙe da silin kawai, ko ka shimfiɗa falanki a kansu ka durƙusa. Allon silin ba ya ɗaukar mutum. Sa riga mai dogon hannu, safar hannu, tabarau da takunkumi irin N95, domin audugar gilashi tana ƙaiƙayi a fata, tana kuma damun maƙogwaro. Lura da wayoyin lantarki da ƙusoshin da suka leƙo daga rufi.

In gidan tsoho ne, wanda aka gina kafin shekarun 1980, ka ga farin abu kamar takarda ko ƙyalle mai kauri naɗe a mahaɗar bututun ƙarfe, dakata. Yana iya zama asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da daji bayan shekaru. Kada ka kankare, kada ka yaga, kada ka share. A ɗauki samfur a gwada tukuna, kuma ƙwararru ne ke ɗauka. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Yaushe zan haƙura da gyara in canza, ko in kira mai aikin?

Taɓa ledar ciki. In tana ƙara kamar busasshen ganye, tana tsagewa da ka ja ta, ko ta rabu da wayarta, ta gama aiki. Ka gyara nan, gobe can ya buɗe. Haka rigar da ke farfashewa a hannu, musamman inda hasken rana ke shigowa ya taɓa ta. Irin wannan sai sabo.

Mai aikin kuma ana kiransa in bututun yana cikin bango ko wurin da jiki ba ya shiga, in akwai fumfuna mai yawa, ko in kana son sanin ainihin yawan yoyon. Suna da fanka ta musamman: sukan rufe duk bakunan iska, su hura bututun zuwa faskal 25 a ma'aunin matsin iska, su auna iskar da ke fita. In an auna kafin aiki da bayansa, za ka ga bambancin da lamba. Akwai kuma hanyar da ake kira Aeroseal, wadda ta samo asali daga ɗakin binciken Lawrence Berkeley, inda ake fesa ƙwayoyin gam a cikin bututu su je su taru a bakin kafofi daga ciki. Tana da amfani ga ƙananan kafofin da hannu ba ya kaiwa, amma ba ta mayar da bututun da ya zame, ba ta kuma ɗinke babbar yagewa. Waɗannan sai an gyara da hannu kafin a fesa.

Ragowar bututun da ya saura, zan iya sa shi a kicin ko a injin busar da tufafi?

A'a. Maiƙon girki da burbushin tufafi suna maƙalewa a tsakanin wayoyinsa, kuma dukansu suna kama wuta. Waɗannan wurare bututun ƙarfe suke so. Ko a inda yake aikinsa na asali, kada ya jingina da bututun hayaƙi ko wani abu mai zafi.

Na gama. Yaya zan tabbatar aikin ya yi?

Bayan mastik ya bushe, kunna na'urar ka sake bi da jiƙaƙƙen bayan hannu. Dafa rigar kusa da kowace mahaɗa: in ta kumbura ko ta yi sanyi fiye da sauran jikin bututun, ledar ciki tana yoyo, sai ka sake buɗewa. Sauka ka riƙe takarda a bakin iskar ɗakin da ke da matsala, ka gwada da na ɗakin da ke lafiya. Ni nakan rubuta ranar gyara da maka a jikin rigar, in sake hawa bayan mako biyu, sannan sau ɗaya a farkon kowane lokacin zafi. A hawan farko nakan tafi da abin matsewa, domin wani lokaci maɗaurin yana ɗan saki bayan bututun ya sha zafi da sanyi, sai in ƙara masa ja ɗaya.